Har Yanzu Shiru Ne? Magana Kan Ƙwarin Gwiwar Mai Neman Aiki

Na yi wata goma sha huɗu ina neman aiki bayan kamfanin da na shafe shekara shida ina riƙe masa lissafin kaya ya rage ma'aikata. Idan aka tambaye ni abin da ya fi yi mini nauyi a wannan tsakanin, ba zan fara da maganar kuɗi ba, duk da cewa rashinsu ya gasa mini aya a hannu. Zan fara ne da ƙarfe bakwai da rabi na safe. A lokacin ne layinmu yake cika da ƙarar babura da hayaniyar 'yan makaranta, maƙwabcina malamin firamare yana kaɗe ƙurar mashin ɗinsa, mai tireda yana ɗaga ƙofar shago, ni kuwa na dawo daga masallaci tun ɗazu, na yi wanka, na karya kumallo, sannan na rasa inda zan nufa. A makonni ukun farko nakan sa kaya in rataya jakata in fita kamar yadda na saba, in je in zauna a bencin ƙofar shagon wani abokina har la'asar, don kawai kada matan layi su tambayi mai ɗakina ko lafiya suka gan ni a gida. A wannan bencin na haɗu da wasu magidanta biyu, kowannensu da karin guga a jikin rigarsa, kuma babu ɗayansu da yake da ofishin zuwa.

Na kawo wannan ne domin ina ganin akwai babban giɓi a yadda muke yi wa mai neman aiki magana. Kowa yana da abin da zai faɗa masa: kada ka karaya, mai nema yana tare da samu, komai lokaci ne. Duk gaskiya ne, ni ma na faɗa wa wasu, amma muna faɗar su ne kamar ƙwarin gwiwa wani abu ne da mutum zai tatso daga ƙirjinsa shi kaɗai kowace safiya, ta yadda idan ya gaza sai a ce raggo ne ko kuma imaninsa ne ya yi rauni. Abin da na gani a kaina, kuma nake gani yanzu a jikin ƙanena da ya gama hidimar ƙasa yake cikin nasa faɗi-tashin, shi ne gwiwa tana sanyi ne saboda dalilai sanannu da za a iya nuna su da yatsa. Wasunsu mai neman ne zai magance su da kansa, wasu kuwa suna hannun mutanen gidansa da masu ɗaukar aiki da hukuma, kuma zalunci ne mu ɗora masa dukkan kayan mu tsaya gefe muna yi masa wa'azin haƙuri.

Abu na farko da yake kashe mai neman aiki shi ne fassarar da yake yi wa rashin samu. Duk takardar da ya tura ba a kira shi ba, sai zuciya ta raya masa cewa an auna shi ne an ga bai kai ba. Wannan fassarar ba ta yi daidai da lissafin ƙasar da muke ciki ba. Ranar 15 ga Maris 2014, Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta tara masu neman aiki a filayen wasa na jihohi domin jarrabawa. Guraben ba su kai dubu biyar ba, waɗanda suka biya naira dubu ɗaya suka cike fom kuwa sun haura rabin miliyan. Aka yi turmutsutsu a ƙofofin shiga a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutum fiye da goma suka rasa rayukansu riƙe da takardun makarantarsu a hannu. Ko da an yi wannan jarrabawar cikin cikakken adalci, babu son kai babu cin hanci, dole ne a cikin kowane mutum ɗari, casa'in da tara su koma gida hannu rabbana. A 2020 da aka buɗe neman shiga rukuni na uku na shirin N-Power, wanda aikin wucin gadi ne da a lokacin ake biyan alawus na naira dubu talatin a wata, mutum fiye da miliyan biyar ne suka nema. Wanda ya faɗi a irin wannan layin bai faɗi don ba shi da ƙwaƙwalwa ba, ya faɗi ne saboda ƙofar ta yi wa taron ƙanƙanta.

Kuma ƙofar ba da kanta ta tsuke ba. Iyayenmu da suka yi ƙuruciya a Kaduna sun san lokacin da unguwar Kakuri take cika da ma'aikatan masaƙu a duk sauyin aiki. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma wanda ya zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano zai ga gine-ginen masana'antu da yawa da suka koma rumbunan ajiyar kaya, bayan rashin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri sun durƙusar da su. A daidai wannan lokacin ne kuma jami'o'i da kwalejoji suka ƙaru, masu fitowa da satifiket suka ninka. Saurayin da yake zaune yau yana zargin kansa yana ɗauke ne da laifin da aka aikata tun kafin ya shiga firamare.

Ko alƙaluman hukuma ma suna iya ƙara masa wannan zargin idan ba a yi masa bayaninsu ba. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na ko da awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Ma'aunin ya yi daidai da wanda ƙasashen duniya suke amfani da shi, ban ce an yi ƙarya ba, amma abin da yake aunawa daban ne da abin da uba yake nufi idan ya ce ɗansa ba shi da aiki. Mai digirin da ya taya wani sauke kaya na awa biyu ranar Laraba ya shiga sahun masu aiki a takarda, alhali da daddare har yanzu kwanon gidansu yake jira. Idan irin wannan ya ji a rediyo cewa mutum huɗu ne kacal cikin ɗari ba su da aiki, zai ɗauka shi kaɗai aka bari a baya.

Bayan wannan sai shiru, wanda a ganina ya fi kowane abu cin rai. A wata goma sha huɗun nan na tura takardun neman aiki da na ƙirga a littafina sun kai sittin da ɗoriya, kuma mafi yawansu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ban manta wata ganawa da aka kira ni a wani gari mai nisa ba. Na ranci kuɗin mota, na kwana a ɗakin wani tsohon abokin karatuna, na goge rigata a kan tabarma da dutsen guga na gawayi saboda babu wuta, na isa wurin tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Mu kusan arba'in muka zauna a baranda har bayan azahar. Da na shiga, an yi mini tambayoyi na minti goma, aka ce in je za a neme ni cikin mako biyu. Na yi wata uku ina kwana da waya a gefen matashin kai, duk baƙuwar lamba da ta shigo sai gabana ya faɗi, in miƙe tsaye in gyara murya kafin in ɗauka, sai in ji mai tallan wani abu ne ko wanda ya yi kuskuren lamba. Ba a taɓa nema na ba har yau. Wanda aka ce masa a'a zai ji zafi ya wuce, amma wanda aka bari da "za a neme ka" an ɗaure shi ne a wuri ɗaya, ba ya iya sakin ran aikin, ba ya kuma iya ba wa neman wani cikakkiyar zuciyarsa.

Sannan nema kansa yana da tsada, abin da masu albashi suke saurin mantawa. Akwai kuɗin data, akwai na fotokwafi da hoton fasfo, akwai takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa, akwai zaman shagon intanet ana jiran shafin ɗaukar aiki ya buɗe, ya ɗauke a daidai lokacin da aka zo ɗora satifiket, a sake daga farko. Ni na yi nawa neman kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lokacin lita ba ta kai naira ɗari biyu a farashin hukuma ba. Cikin kwanaki kaɗan ta haura ɗari biyar, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Ƙanena yanzu sai ya zauna ya yi lissafi kafin ya amsa kiran ganawa a Abuja, domin kuɗin zuwa da dawowa ya isa cefanen gidanmu na kwanaki. Ga kuma agogon shekaru da yake bugawa a kansa. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga shekarar hidimar ƙasa, amma sai a ga sanarwar wasu bankuna da kamfanoni tana cewa kada mai nema ya wuce shekara ashirin da shida ko da bakwai. Yaron da ya fara makaranta a makare a ƙauye, ya yi shekara biyu yana jiran gurbin jami'a, an rufe masa wannan ƙofar kafin ya iso gabanta.

Daga nan ne maganar da ta fi kowace haɗari take shiga zuciya, wato cewa babu mai samun aiki sai wanda yake da uwa a gindin murhu ko kuɗin saye. Ba zan yaudari kowa in ce babu gaskiya a ciki ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya saurari shaidu kan zargin sayar da guraben aikin gwamnatin tarayya, har wasu suka tsaya gaban kwamitin suka ce sun biya naira miliyan ɗaya ko fiye don a ba su takardar kama aiki. Amma wanda ya haɗiye wannan maganar ɗungurungum ya yanke wa kansa hukunci biyu, kuma duka biyun asara ne. Ko dai ya daina nema baki ɗaya ya koma majalisar ƙofar gida yana zagin ƙasa daga hantsi zuwa magariba, ko kuma ya matsa wa iyayensa su sayar da gona ko fili su miƙa wa wani dillalin aiki da zai kashe wayarsa washegari. Na san gidajen da aka yi haka, aka rasa filin aka rasa aikin, aka kuma rasa bakin kai ƙara saboda su ma sun san abin da suka je saye haramun ne.

Akwai bambanci tsakanin sayen gurbi da sanayya ta halal, kuma rashin gane wannan bambancin ya cutar da ni na tsawon watanni. Ɓoyon da na yi a farko ya sa mutanen da suka fi kowa sanin aikina ba su ma san ina nema ba. Ina ta tura takardu ga baƙin da ba su taɓa ganina ba, alhali direbobin da na yi shekara shida ina sallama, da 'yan kasuwar da suka san ban taɓa cin kwabonsu ba, suna zaton har yanzu ina wurin aikina. Ranar da na cire kunya na fara kiran su ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Alhaji, an sallame mu fa, idan ka ji inda ake neman mai riƙe lissafi ka tuna da ni," ranar na fara neman aiki na gaskiya. Aikin da nake yi yanzu ta bakin ɗaya daga cikinsu ya zo, kuma sai da na yi jarrabawa na ci kafin a ɗauke ni. Abin da ya yi mini kawai shi ne ya shaida wa mai kamfanin cewa ya san amanata.

Dangane da abin da yake hannun mai nema, abin da ya tsamo ni daga ramin da na fara faɗawa shi ne mayar wa yinina da siffa. Aiki ba albashi kaɗai yake ba mutum ba, yana ba shi lokacin tashi, da wurin zuwa, da mutanen da za su lura idan bai zo ba. Idan waɗannan suka tafi, sai dare ya koma rana, mutum ya raba dare yana latsa waya yana kallon hotunan sa'o'insa a ofisoshinsu a Facebook, ya tashi da hantsi da jiki a mace. Na sayi littafi mai ganye arba'in na raba kowane shafi gida uku: inda na nema, ranar da na nema, da abin da ya biyo baya. Na yanke wa kaina cewa daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe lokacin nema ne, bayan nan kuma ba na sake buɗe imel sai gobe. Na daina auna kaina da ko an kira ni, tunda wannan ba a hannuna yake ba, na koma auna kaina da ko na yi abin da na ɗauka wa kaina a ranar. Na kuma daina watsa takarda iri ɗaya ga kowa kan mai uwa da wabi, domin na lura cewa takarda uku da aka zauna aka rubuta wa wuraren da mutum ya fahimci abin da suke buƙata sun fi talatin da aka tura da ido rufe, kuma talatin ɗin nan kowace ɗaya shiru ce da mutum ya sayo wa kansa.

Da rana kuwa nakan tafi Kasuwar Singa in taya wani ɗan kasuwa daidaita littattafansa, yana ba ni abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan kuɗin ya riƙe mutuncina fiye da yadda ya riƙe aljihuna, domin ranar da na shigo gida da ledar tumatir da na saya da gumina ta bambanta da ranar da na shigo da wadda aka saya mini. Ya kuma hana hannuna mantuwa, ya ba ni amsar da zan bayar a ganawa idan aka tambaye ni me nake yi tun da na bar wancan wurin. Saboda haka ina goyon bayan duk mai neman aiki ya kama wani abu, ko koyarwa a makarantar unguwa, ko gyaran waya, ko awo a Dawanau, ko ɗinki. Sai dai ina adawa ƙwarai da yadda wasu suka mayar da "je ka koyi sana'a" sandar dukan masu ilimi, suna cewa boko ɓata lokaci ne. Wanda ya yi shekara biyar yana karanta aikin injiniya ko haɗa magunguna yana da haƙƙin ya so yin aiki da abin da ya karanta, kuma al'ummar da take kukan ƙarancin malamai da ma'aikatan lafiya ba ta da hujjar yi wa masu takarda dariya. Sana'ar ma tana buƙatar jari da wuta da masu saye, ba a tsintar ta a ƙasa. A riƙe sana'a da hannu ɗaya, a ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa da ɗayan, kuma idan sana'ar ta bunƙasa har ta wadatar, wannan ma buɗi ne daga Allah.

Mu mutane ne masu imani da rabo, kuma wannan imanin yana iya zama mafi girman abin da zai riƙe mai nema, yana kuma iya zama abin da zai fake da shi ya kwanta. Ayar da ta fi zauna mini a lokacin ita ce ta 87 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yaƙubu, bayan shekaru masu yawa na rashin ɗansa, ya umarci 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kuma kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Umarnin tafiya da hanin yanke ƙauna a jere suka zo cikin aya ɗaya. Haka ma tsuntsayen da hadisi ya buga misali da su wajen tawakkali, sammako suke yi da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, ba a sheƙa abincin yake iske su ba. Amfanin yarda da rabo a wurina shi ne ya sauke mini nauyin sakamako, ya bar mini nauyin ƙoƙari kawai, wanda shi ne daidai ƙarfina. Wanda ya rasa wannan natsuwar shi ne yake faɗawa cacar ƙwallo ta waya da tsare-tsaren ninka kuɗi, ko ya kama hanyar Agadas da nufin tsallaka sahara, saboda jira ya zame masa abin da ba zai iya ɗauka ba.

Amma duk wannan tsarin da mutum zai yi wa kansa, kalma ɗaya a gida tana iya rushe shi. A nan ne nake ganin muke da babban laifi, mu 'yan'uwa. Ban manta wani ɗaurin aure da wani kawuna ya riƙe hannuna a cikin mutane ya ce, "Kai har yanzu shiru ne? Ga sa'anka can har ya sayi mota." Na san ba da mugunta ya faɗa ba, wataƙila ma a ganinsa zaburar da ni yake yi, amma na yi wata biyu ban sake halartar taron dangi ba, kuma taron dangi yana cikin wuraren da ake jin labarin aiki. Gori ba ya zaburar da wanda ya riga ya fi kowa sanin halin da yake ciki. Abin da yake yi kawai shi ne ya kore shi daga cikin mutane, ya tura shi ɗaki ko majalisar waɗanda suka riga suka sallama. Haka nan mayar da mai neman aiki ɗan aiken gida, a ce tunda ba ka komai je ka kai wannan, je ka ɗauko wancan, yana nuna masa cewa lokacinsa ba shi da daraja, alhali nema aiki ne mai cin lokaci. Ga 'ya'ya mata kuwa abin ya ninka, domin da zarar yarinya ta yi wata shida da gama karatu ba ta samu aiki ba, sai a fara ce mata dama wahalar banza ta yi, kamar aure da aiki ba sa haɗuwa a gida ɗaya, alhali asibitocinmu suna neman mata da za su duba mata.

Abin da ya riƙe ni a gida ba wa'azi ba ne. Daren da zan tafi waccan ganawar mai nisa, na je sallama da mahaifiyata, sai ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗin da na san na adashenta ne, ta danƙa mini ta ce, "Ungo ka ƙara a kuɗin mota, ka sayi ruwa a hanya. Allah ya sa a dace, in kuma ba alheri ba ne Allah ya musanya maka." Na ce, "Umma, ki bar shi, na samu na mota." Ta ce ba tambayata ta yi ba. Da na dawo, ba ta taɓa ce mini yaya aka yi ba, sai da ni da kaina na ba ta labari. Mai ɗakina kuma, wadda kuɗin kunun ayar da take sayarwa ya ciyar da mu kwanaki da yawa, ba ta fasa ajiye mini abinci a kwanon da ta saba ba, ba ta kuma taɓa bari yara su gane cewa cefanen ranar ba daga aljihuna ya fito ba. Waɗannan matan biyu ba su da hanyar sama mini aiki, amma sun tsare mini matsayina a gida har zuwa lokacin da aikin ya zo, kuma da wannan matsayin nake fita kowace safiya. Shi ya sa yanzu na hana kaina tambayar ƙanena ko an kira shi. Nakan tura masa kuɗin data a farkon wata ba tare da ya roƙa ba, in karanta masa takardarsa idan ya kawo, in kuma ambaci sunansa a duk inda na ji ana neman irinsa.

Saura masu ɗaukar aiki, na gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda abin da ake nema a wurinsu bai kai wahalar da suke jawowa ba. Duk hukumar da za ta ɗauki ma'aikata ya kamata ta faɗi yawan guraben tun a sanarwar farko, ta faɗi ranar da za a fitar da sakamako, ta kuma fitar da shi a fili, domin mutum ya san irin layin da zai shiga kafin ya ranci kuɗin mota. Bai kamata a karɓi ko sisi daga hannun wanda ba shi da aiki da sunan kuɗin fom ba, kuma abin da ya faru a 2014 ya isa hujja. Sharaɗin shekaru ya kamata a sassauta shi a ƙasar da yajin aiki yake cinye wa ɗalibi shekara guda da rabi cikin shekara uku. Tantancewar farko ana iya yin ta ta waya, a bar kiran mutum daga Sakkwato ko Maiduguri sai idan ya kai matakin ƙarshe. Mafi sauƙi duka kuma shi ne amsa. Kamfanin da ya iya tura saƙon gayyata ga mutum arba'in zai iya tura wa talatin da tara saƙon haƙuri, ba zai ci masa minti biyar ba.

A cikin wurare sittin da ɗoriya da na nema, guda ɗaya ne tak ya yi mini haka. Wata ƙaramar ƙungiya ce, kuma saƙon bai wuce layi uku ba: sun gode da zuwana, sun ɗauki wani wanda ya fi ni gogewa a manhajar lissafin da suke amfani da ita, suna yi mini fatan alheri. Na ji zafinsa a daren, ban iya cin abinci ba. Da gari ya waye na buɗe littafina na ja layi a kan sunansu, na je shagon wani yaro a bakin titi na biya shi ya fara koya mini wannan manhajar, awa ɗaya kullum bayan la'asar. Wata biyar bayan haka, a jarrabawar da ta kai ni aikin da nake yi yanzu, ita ce tambaya ta biyu.